Wa Ya Gina Garun Damagaram?

Aikina magana ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama gaban makirufo a wani gidan radiyo nan Maraɗi, kuma cikin shirye-shiryen da nake gabatarwa babu wanda nake ƙauna kamar na tarihi, inda nakan gayyato dattawa da malaman lakwal mu baje labarin ƙasarmu har lokaci ya ƙare mana. Sunan Tanimun kuwa na ambace shi ya fi a ƙirga. Na karanta littafin da marigayi Farfesa Andre Salifu ya fitar kan daular Damagaram tun 1971, na ja layi ƙarƙashin shekaru da sunayen sarakuna, har na ɗauka babu abin da za a tambaye ni a kai in yi shiru. Sai ga shi yarinya ƴar shekara bakwai ta sa na yi shirun, a gindin wani guntun garu, da rana tsaka. Labarin wannan tafiya nake so in ba ka, mai karatu, haɗe da tarihin da muka taka a hanya.

Uwargida ce ta tayar da maganar, lokacin hutun lakwal na ƙarshen Disamba. Ta tarar da babbar ɗiyarmu tana nuna wa ƙanenta dogon benen Dubai a waya, tana faɗa masa sunansa daidai. Da dare ta ce mini, "Malam, kai kullum Tanimun, Tanimun a radiyo, ga ƴaƴanka sun san Dubai, amma ko ƙofar fadar Damagaram ba su taɓa gani ba." Na rasa ta cewa. Na ari motar yayana, muka cika jarka biyu da ruwa, ta soya ƙosai tun da sauran dare, aka naɗe yara cikin rigunan sanyi. Mu biyar ne: ni da ita, da yarinyar, da ƙanenta mai shekara huɗu, da jaririn goye. Ranar Juma'a bayan sallar asuba muka kama hanyar gabas, kusan kilomita 240 tsakaninmu da Zinder.

Mun wuce Cadawa da Agye da Gazawa hantsi bai gama fitowa ba. An riga an yi girbi, rumbuna sun cika, shanu na kiwo cikin karan hatsi. Yaron ya ɗora wa kansa aikin ƙirga raƙuma, ƙirgarsa kuwa ba ta wuce biyar, sai ya koma ɗaya. Yarinyar ita ta lura da abin da ni na daɗe da daina gani. Ta ce me ya sa sauran itatuwa suka fara kaɗe ganye amma wancan ya yi kore shar? Na ce gawo ke nan. Da damina yake zubar da ganyensa, ya bar hatsi ya sha rana, ganyen ya zame wa gona taki. Da rani kuma ya yi sabon ganye, dabbobi su sami inuwa da ƴaƴan ci. Har yau manoman Damagaram na ba da labarin cewa sarakunansu na da sun hana saran gawo, wanda aka kama da gatari a jikinsa ya shiga uku. Ashe tun kafin a san wata ma'aikatar gandun daji akwai doka a kan itace.

Zangonmu na farko Maijirgi ne, gabas da Tasawa kaɗan. Matafiya da yawa na ratsa garin ba su san akwai kaburbura biyu na Turawan Faransa a can ba, na Kyaftin Bule da na Kyaftin Shanwan. A farkon 1899 waɗannan mutane suka taso daga bakin kogin Kwara da sojojin Afirka da tarin ƴan dako da aka kamo ƙarfi da yaji, an umarce su su kai tutar Faransa tafkin Cadi. Duk garin da ya hana su hatsi ko ruwa, wuta ce rabonsa. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Da labarin ta'asarsu ya kai Faris, aka turo Kanar Kulob ya karɓe rundunar daga hannunsu, shi kuwa Bule ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli. Ba a cika kwana huɗu ba sojojinsu suka juya musu bakin bindiga, Shanwan ya faɗi ranar 16, Bule ranar 17.

Muna tsaye yarinyar ta ja rigata. A gida an koya mata in an zo maƙabarta ana addu'a.

"Baba, mu yi musu addu'a?"

Na ce, "Waɗannan sun kashe mutane da yawa, har da yara kamarki. Waɗanda suka kashe za mu yi wa."

Ta waiga hagu da dama, ta ce, "To su ina nasu kabarin?"

Na nuna mata gonaki da hannu, tun daga inda muke har iyakar ganinmu. Uwarta ta gyara goyo ta ce mu tafi, rana na yi.

Bayan Takyeta, inda hanyar Matamaye ta ɓalle ta yi kudu zuwa Najeriya, yaron ya ce fitsari ya matse shi. Allah da ikonsa, inda na taka burki dab da Tirmini ne. Tarihin wannan fili ya faro ne shekara guda kafin zuwan su Bule. A 1898 wani Bafaranshe, Kyaftin Kazamaju, ya sauka Zinder da niyyar wucewa gabas. Sarkin lokacin, Amadu Kuran Daga ɗan Tanimun, mayaƙi ne da ya sha karawa da Kano a zamanin Sarki Alu, kuma fadawansa na zargin baƙon zai je ya ƙulla da Rabe, wanda ya riga ya cinye Barno. Ranar 5 ga Mayu aka kashe Kazamaju da tafintansa, aka jefa gawarwakinsu rijiya. Da ragowar rundunar Bule ta iso, wannan jini ta riƙe hujja. A ƙarshen Yuli 1899 dawakin Damagaram suka fito Tirmini da lifidi da masu da bindigogin gargajiya, suka tarar da bindiga mai harbi babu tsayawa. Kafin gari ya san abin da ake ciki an karya su, Zinder ta faɗa hannun Faransa. Sarki Amadu ya fice, aka bi shi aka kashe cikin watan Satumba. A watan Nuwamba wata rundunar ta iso daga Aljeriya ta hanyar Agadas ƙarƙashin Kwamanda Lami, kuma daga Zinder aka nufi gabas har Kusuri, inda Rabe da Lami duka suka mutu a watan Afrilu 1900. Garin da aka kafa da sunan Lami shi ne Njamena ta yau.

Ko ɗaya cikin wannan ban gaya wa ɗan shekara huɗu ba. Abin da na ce masa kawai, a nan dawakin Sarki suka yi yaƙi. Ya ɗaure tazugensa, ya duba filin, ya ce, "Ina dawakin?" Na ce gobe zai gan su a fada.

Abin da ke fara tarbar baƙo a Zinder duwatsu ne, manya manya, wani bisa wani kamar da hannu aka jera su. Mun sauka gidan gwaggon uwargida, aka yi Juma'a, aka ci tuwo, yara suka yi barcin gajiya. Da safiyar Asabar muka bar mota muka shiga Birni da ƙafa, don lungunan can ba a gina su saboda mota ba. Nan ne tsohon gari. Gidajen ƙasa ne masu zankwaye a kusurwa, an yi wa fuskar zaurukan zane mai tudu, wasu an shafa musu launi, wasu damina ta cinye rabinsu. Yarinyar ta dinga bin zanen da yatsa tana cewa irin na rigar Baba ne.

Asalin gidan sarautar Damagaram daga Barno yake, tun ƙarni na 18, kuma sun yi zama a garuruwa dabam dabam kafin Sarki Sulaiman ya mayar da fada Zinder a farkon ƙarni na 19. Shekaru da dama suna kai gaisuwa Kukawa wajen Shehun Barno. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan kimanin shekara talatin bisa gado, shi ya mayar da ƙaramar sarauta daula. Ya cinye maƙwabta har Muniyo, ya tara bindigogi daga fataken arewa, ya sa maƙeran gari suna zuba masa igwa suna haɗa albarushi a nan gida, ya kuma kewaye Birni da garu mai kauri da ƙofofi.

A ƙofar fada yaron ya ga dogarai cikin ja da kore, ya ruga ya ɓuya bayan zanen uwarsa. Wani dattijo cikinsu ya durƙusa ya miƙa masa hannu yana dariya, ya ce, "Zo mana, angon gobe." Muka gaisa, na ce daga Maraɗi muke, yara muka kawo su ga gidan Tanimun. Ya ce mun yi abin kirki. Da aka fito da wani doki za a kai shi shan ruwa, alkawarin Tirmini ya cika, har yaron ya ƙi tafiya sai da aka ɗauke shi cak yana kuka.

Daga fada na ce sai na nuna musu garu. Abin da ya rage daga garun nan guntaye ne nan da can, ruwan sama ya zaizaye su, gidaje sun matse su, awaki na hawa. Muka tsaya gindin wani da ya fi tsayina nesa ba kusa ba. Na gyara murya irin ta aiki na ce, "Wannan shi ne garun da Sarki Tanimun ya gina."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dube shi har sama, ta shafa ƙasar da tafin hannunta.

"Shi kaɗai?"

Na yi dariya na ce a'a, mutane ne suka gina masa.

"Su wane ne?"

"Mutanen gari."

"Ya biya su?"

Nan na yi shiru. Na san amsar sarai, tana cikin littattafan da na karanta. Ƙarfin Damagaram, kamar na sauran dauloli da ke kewaye da ita a wancan zamani, bisa wuyan talakawa da bayi ya tsaya. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Ricadsan ya zauna Zinder a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim ɗan'uwan Tanimun, ya rubuta yadda ya ga an fita hari ƙauyuka an dawo da mata da yara a ɗaure, don Sarki ya biya bashin da fataken Larabawa ke bin sa. Bayi ne ke noma gandun sarki, su ke ɗebo ruwa, su ake korawa cikin ayari a ratsa hamada da su. Garu irin wannan kuwa sai an haƙo ƙasa, an jiƙa, an kwaɓa da ƙafa, an murza tubali, an ɗauka a ka an hau da shi, a garin da ruwan sha ma wuya yake yi.

Wani tsoho na zaune inuwar garun yana tufka igiya, ashe yana jin mu. Ya ce, "Malam, ƴar nan ta fi ka tambaya." Sa'an nan ya dube ta ya ce, "Jikata, hannu dubu ne ya ɗora wannan ƙasa. Wasu don tsoron mahara suka yi, wasu don tsoron bulala." Ya ci gaba da tufkarsa.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce, cikin shekara goma sha ɗaya ban taɓa yin shiri guda a kan wannan ba. Nakan ambaci igwa da garu da dawaki, in na zo kan bayi sai in ce "da sauran kayan fatauci" in wuce. Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Jikokin masu bulalar da jikokin waɗanda aka daka duka suna saurarena, sahu ɗaya suke sallah, kuma har yau akwai gidajen da in an zo neman aure ake raɗa asalin mutum a zaure. Sai 2003 dokar ƙasarmu ta mayar da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kai. Ciwon bai tsufa ba, ni kuwa ina gudun wayar masu sauraro. Amma yarinyar da ke riƙe da hannuna ba ta san wannan lissafi ba. Na tsuguna na gaya mata cewa Tanimun sarki ne mai ƙarfi da dabara, garunsa ya kare mutane da yawa daga mahara, kuma cikin waɗanda suka gina shi akwai bayi, wato mutanen da aka ƙwato daga iyayensu ana sa su aiki babu lada. Ta ce, "Kamar na Maijirgi, su ma ba su da kabari?" Na ce haka ne. Uwarta ta kalle ni, ba ta ce kome ba, ta ɓare mata dabino.

Da la'asar, bayan yara sun huta, muka hau adaidaita zuwa Zango. Sunan unguwar ya faɗi asalinta: masauƙin ayari ce a wajen garu, inda Abzinawa ke durƙusar da raƙumansu. Ta nan kayan Tarabulus ke sauka bayan sun biyo ta Gat da Agadas, su takarda da tufafi da bindigogi, ga gishiri da dabinon Bilma, a ɗauki fatu da gashin jimina da bayi a yi arewa, wasu kayan kuma su wuce Kano. Matafiyin nan Bajamushe, Bart, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shafe kusan wata guda a Zinder tsakanin ƙarshen 1852 da farkon 1853 yana jiran guzuri kafin ya nufi Tumbuktu. A Zango ne attajirin nan Malam Yaro ya yi zamaninsa, wanda Faransawa suka ci moriyar dukiyarsa da suka shigo. Yara dai abin da ya dame su a Zango kilishi ne da wani maɗinkin fata da ya bar su suka taɓa almakashinsa.

A hanyar komawa na nuna musu barikin da Faransawa suka gina bisa dutse suka sa masa sunan Kazamaju, yana kallon Birni daga sama. Bayan sun ci garin sun naɗa Amadu ɗan Basa, amma a 1906 suka zarge shi da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, suka damƙa garin hannun wani bawan fada mai sarautar Ballama. Sai 1923 aka mayar da sarauta gidanta, aka naɗa Barma Mustafa. Zinder ce hedikwatar mulkinsu tun 1911, har 1926 da suka kwashe suka koma Yamai bakin kogi. Cikin dalilan har da ƙarancin ruwa, domin garin bisa dutse yake zaune, rijiya ba ta nisa take cin karo da shi. Wannan ɓangare na tarihi bai buƙaci bayani ba. Yarinyar da kanta ta ga ƴan garuwa na tura jarkoki a kowane lungu, ta kuma ga yadda gwaggo ke auna ruwan wanka da kwano.

Ranar Lahadi muka fita karkara, zuwa Mirya, kimanin kilomita 18 daga Zinder, ranar kasuwarta ke nan. Bayan duwatsu da ƙurar birni sai ga lambuna da manyan kukoki, yaron ya yi ta ƙoƙarin rungume wata kuka hannunsa bai kai ko'ina ba. Mirya tsohuwar sarauta ce da ta koma ƙarƙashin Damagaram, kuma ta yi suna wajen ginin tukwane. Wata dattijuwa mai sayar da tuluna ta ga yarinyar ta zuba wa kayanta ido, ta ce, "Zo ki taɓa, ɗiyata, ba ya cizo." Ta ba ta curin yumɓu, ta nuna mata yadda ake murzawa. Minti kaɗan yarinyar ta ce hannunta ya gaji. Ta dubi ɗan curin da ke tafinta, ta dube ni, na kuwa san garun jiya take aunawa da shi. Muka saya mata ƙaramin asusu, muka saya wa gwaggo tulu.

Ga iyayen da ke da niyyar irin wannan tafiya, abin da na koya kaɗan ne. A tafi lokacin ɗari, a fita da sassafe, a koma inuwa kafin azahar. Wuri biyu a yini ya ishi ƙaramin yaro. A riƙe ruwa fiye da yadda ake zato, a gaida dattawan unguwa kafin a ɗaga waya ɗaukar hoto, a nemi izini a ƙofar fada. Kada a cika yaro da shekaru da sunaye, waɗannan mushe zai ba shi a lakwal. A bar shi ya taɓa, ya hau, ya tambaya. In kuwa ya yi tambayar da ta yi nauyi, a ba shi gaskiya daidai ƙarfinsa, domin ranar da ya girma ya gano an ɓoye masa, sauran abin da aka gaya masa ma zai daina yarda da shi.

Mun dawo Maraɗi ranar Litinin. Bayan kwana biyu na taso daga aiki na tarar an jiƙa ƙasa a tsakar gida, yarinyar da ƙanenta sun ja wani ɗan garu kewaye da kaskon kaji, duk sun yi butu-butu. Ta ce ita ce Tanimun. Na ce shi kuma fa? Ta ce magini ne, amma ta biya shi, ta nuna mini dala biyar da ta zaro daga kuɗin asusunta.

Makon da ya biyo na shiga ɗakin shiri na buɗe makirufo, na yi sallama, na ce wa masu sauraro yau tambaya ɗaya gare ni, kuma ba tawa ba ce: wa ya gina garun Damagaram? Waya ta yi ta ƙara har lokaci ya ƙare. Wasu sun yi faɗa, wasu sun yi godiya, wani dattijo daga wani ƙauye ya kira ya ce kakan kakansa na cikin waɗanda suka ɗauki ƙasar, ya faɗi sunansa, ya roƙi a yi masa addu'a. Muka yi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda aka rubuta sunansu da waɗanda ba a rubuta ba, Ya raya mana zuriya. In Allah Ya kai mu hutu mai zuwa, Agadas muka nufa, yarinyar ta riga ta ce sai ta ga dogon masallacin da idonta.